Yadda Ake Rainon Kwikwiyon da Zai Yi wa Makaho Jagora, da Yadda Ake Auna Masa Abinci

A Nima da Mamobi da Sabon Zongo, idan ka ga makaho a hanya, ɗayan biyu ne: ko farar sanda ce a hannunsa, ko kuwa yaro ne a gabansa riƙe da bakin sanda, yaron da a wannan sa'ar ya kamata a ce yana aji. Kare ɗan jagora baƙon abu ne a titunan Accra, amma a duniya ya daɗe. A 1916 aka buɗe makarantar horar da irinsa a Oldenburg ta Jamus, saboda sojojin da yaƙi ya makantar. Amurka ta bi sahu a 1929 da makarantar The Seeing Eye, Ingila ta yaye karnukanta huɗu na farko a 1931, a Afirka ta Kudu kuma akwai ƙungiyar da ke wannan aiki a Johannesburg tun 1953.

Makarantun nan ba sa riƙe kwikwiyo a hannunsu. Da ya kai mako bakwai ko takwas sai su damƙa shi ga wani gida ya raine shi, in ya shekara da 'yan watanni su karɓe shi su koya masa ainihin jagora. Aikin wannan gida zan bayyana, kuma zan fi daɗewa a kan kwanon abinci, domin ta nan aka fi ɓata kwikwiyo, galibi da kyakkyawar niyya. Wanda ke rainon babban kare don gadi ma lissafin zai yi masa amfani.

Kafin ya shigo gida

Fara da mutanen gida, musamman idan gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya. A zango kare ba dabbar da ake ajiyewa ba shawara ba ce. Shari'a ta yarda da ajiye kare don buƙata, irin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma malamai da dama na wannan zamani sun sa karen makaho cikin wannan sahu. A mazhabar Malikiyya, wadda ita muka fi bi a Afirka ta Yamma, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Amma ba kowane maƙwabci ne ke kan wannan fahimta ba, kuma gardamar fiƙihu ba ta taɓa gyara zaman tsakar gida ba. Ka je wurin limamin unguwa da maigidan da kake haya, ka yi bayani, ka ɗauki alkawari uku: kare ba zai kusanci buta da randa ba, ba zai taka tabarmar salla ba, kuma kashinsa ba zai kwana a ƙasa ba.

Sai wurin kwana: inuwa, iska, daɓen siminti da za a iya wankewa kullum, da keji mai faɗin da zai miƙe ya juya a ciki. Kada ka bar shi kwance a kan yashi mai danshin fitsari. Akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a irin wannan ƙasa, tsutsarsa ta huda fata ta yi maruru, kuma 'yan kwikwiyo ta fi kamawa. Tayil mai santsi ma ba ya yi wa ƙugunsa kyau. Shimfiɗa tsohon buhu ko darduma inda yake wasa.

Zaɓe da rigakafi

Karnukan da aka fi sa wa wannan aiki su ne Labrador, Golden Retriever, ruwa-biyun da ke tsakaninsu, sai karen makiyayan Jamus. Idan makaranta ce ta ba ka, ta riga ta yi zaɓen. Idan kai za ka nema, ka ga uwar da idonka, ka ga yadda take karɓar baƙo, ka tambayi hoton ƙashin ƙugu da gwiwar gaba na iyaye da gwajin idonsu. Kwikwiyon da ya laɓe a lungu yana rawar jiki ba na wannan aiki ba ne. Wanda ke cizon 'yan'uwansa ba ji ba gani, shi ma haka.

A makon farko ka kai shi wurin likitan dabbobi. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a La, akwai makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Ghana da ke Legon, ga kuma masu zaman kansu. Allurar haɗaka, wadda ke kare shi daga cutar fabo mai sa amai da zawon jini da sauran 'yan'uwanta, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon haukan kare ana yi a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati. Maganin tsutsar ciki duk mako biyu har mako 12, daga nan wata-wata har wata 6. Wannan ya shafi abinci kai tsaye: kwikwiyo mai tsutsa cikinsa ƙato ne, jikinsa a rame, sai mai shi ya yi ta ƙara masa abinci alhali magani yake buƙata. Kaska kuma a nan ba ta da lokaci, shekara zagaye take, kuma cututtukan da take sakawa a jini suna fara bayyana ne da ƙin cin abinci da farin dasashi.

Wane abinci

Babban kare ba a so ya yi saurin girma. Tsawon da zai kai yana cikin jininsa, abinci ba ya ƙara shi. Abin da yawan abinci ke yi shi ne ya ɗora nauyi a kan ƙashin da bai gama ƙwari ba. Sakamakon yakan fito daga baya: ƙugu ya goce, gwiwa ta kumbura, kare ya fara ɗingishi. Karen gida mai ɗingishi zai ci gaba da zamansa. Ɗan jagora mai ɗingishi aikinsa ya ƙare, kuma wahalar shekara biyu ta tafi.

Saboda haka ka nemi busasshen abincin buhu wanda aka rubuta Large Breed Puppy a jikinsa, wato na 'ya'yan manyan karnuka. Juya bayan buhun ka duba abu uku. Furotin kada ya gaza kashi 22.5 cikin 100. Kalsiyam ya tsaya tsakanin kashi 1.2 da 1.8 cikin 100 na busasshen abincin, wannan shi ne iyakar da AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar abincin dabbobi a Amurka, ta sa wa 'ya'yan karnukan da za su kai kimanin kilo 32 ko fiye. Na uku, adadin kalori a kowane kilo, wanda ake rubutawa kcal/kg. Yawanci yana tsakanin 3,500 da 4,000. Rubuta wannan lambar, da ita za mu yi lissafi.

Idan kana ba da irin wannan abinci, kada ka ƙara ƙwayar kalsiyam ko garin ƙashi, ko da mai shago ya rantse maka zai sa ƙafafunsa su miƙe. Hanjin kwikwiyo a watanninsa na farko bai iya tace kalsiyam ba, kaso mai yawa na abin da aka zuba sha yake ko jiki bai buƙata ba, yawansa kuma shi ke karkatar da ƙashi.

Na san buhun nan da tsada, kusan duka daga waje ake shigo da shi, kuma farashinsa yana bin dala. Mutum zai ce, me zai hana shinkafa da kan kaza da sauran tuwo, ai haka karnukan gari ke rayuwa? Suna rayuwa, amma ba a ɗora musu ran mutum a bakin titin Kanda. Shinkafa da nama zalla matsalarsu kishiyar ta sama ce: fosfaras ya yi yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, jiki ya dinga zarar na ƙashi har ƙafa ta lanƙwashe ko ta karye a banza. Idan dole ne ka dafa, likitan dabbobi ya rubuta maka haɗin da awonsa a giram, har da abin da za a ƙara na ma'adinai, ka bi shi ba ragi ba ƙari. Ra'ayina dai, a shekarar farko buhu ya fi aminci, kuma wanda ba zai iya ɗaukar kuɗinsa na wata goma sha biyu ba gara ya dakata da karɓar kwikwiyo.

Ajiya ma abin lura ce a garin da ke bakin teku. Danshin Accra na sa abinci fumfuna, kuma gubar fumfunar masara da gyaɗa na lalata hantar kare. Sayi buhun da zai ƙare cikin wata guda, bar abincin cikin ledarsa, naɗe bakin, saka cikin bokiti mai murfi, ɗora a kan katako. Wanda ake buɗewa ana sayarwa a gwangwanin olonka a rana, ba ka san ranar da aka buɗe shi ba, ba ka ga lambobin bayan buhu ba, bar shi. Idan za ka canja iri, yi shi cikin mako guda: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu na sabo, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, sannan sabon zalla.

Lissafin abin da zai ci

Kana buƙatar sikeli biyu: ƙaramin na kicin mai auna giram, da na mutane. Ka hau na mutanen kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da kwikwiyon, ka debe na farko daga na biyu. Yi haka rana ɗaya a kowane mako, da safe kafin ya ci, ka rubuta a littafi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kimar ido ba ta isa ba. Gwangwanin madara ko kofi yakan ba ka giram daban-daban gwargwadon girman ƙwayar abincin da yadda aka cika shi, kuma ƙarin giram ashirin a kowane ci, sau huɗu a rana, ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar kilo shida. In babu sikelin kicin, auna sau ɗaya a wurin mai shago, ka zuba a kofin roba, ka ja layi da alƙalami, ka sake yin haka duk lokacin da awon ya canja.

Ga yadda likitocin dabbobi ke lissafawa, kuma kalkuletar waya ta isa. Ɗauki nauyinsa a kilo, ka ninka shi da kansa sau uku, wato nauyi sau nauyi sau nauyi. Danna alamar √ sau biyu. Abin da ya fito ka ninka da 70. Wannan shi ne kalorin da jikinsa ke ƙonawa a yini idan yana kwance kawai. Sai ka ninka shi da lambar girma: da 3 muddin bai kai rabin nauyin da zai yi in ya girma ba, da 2.5 daga rabi zuwa kashi 80 cikin 100, da 2 daga nan har ya gama girma. Nauyin girma kuwa daga iyayensa za ka ƙiyasta. Macen Labrador takan tsaya tsakanin kilo 25 da 32, namiji tsakanin 29 da 36.

Mu ɗauki kwikwiyon da ake sa ran zai kai kilo 30, da abinci mai kalori 3,700 a kilo, wato 3.7 a kowane giram. Ya zo maka yana kilo 6. Shida sau shida sau shida, 216. Danna √ sau biyu, 3.83. Sau 70, 268. Sau 3, kimanin kalori 805. Raba da 3.7, ka samu giram 218 a yini. A wannan shekarun sau huɗu yake ci, kenan giram 55 a kowane zama.

Da ya kai kilo 15, rabin hanya kenan: lissafin kwance ya ba da 534, sau 2.5 ya zama 1,334, wato giram 360 a yini, a raba uku, 120 kowane ci. A kilo 24, lissafin kwance 759 ne, sau 2 ya zama 1,518, giram 410, a raba biyu. In ya gama girma a kilo 30 kuma an yi masa dandaƙa, lambar takan sauka zuwa 1.6, abincin ya koma wajen giram 390.

Dubi lambobin nan da kyau. Daga kilo 6 zuwa 24 nauyi ya ninka huɗu, abinci bai ko ninka biyu ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa, su ga kare ya yi girman tunkiya su ce ai kwanonsa ma sai ya yi girma. Wani abin kuma: a daidai inda lambar ke sauka daga 3 zuwa 2.5, lissafi zai nuna maka ka rage abinci farat ɗaya. Ba sai ka yi haka ba. Da ya doshi rabin nauyinsa, daina ƙarawa, ka riƙe awon a wuri ɗaya na 'yan makonni har jikin ya cim masa.

Yawan ci a rana: sau huɗu har mako 12, sau uku har wata 6, daga nan sau biyu har ƙarshen rayuwarsa. Ajiye kwano, ba shi minti 15, ɗauke ko ya cinye ko bai cinye ba. Lokutan su zama tsayayyu, misali bayan asuba, azahar, da kafin magariba. Da azumi ya zo, gida ya koma cin dare, nasa lokacin kada ya motsa. Ruwa kuwa ba a auna masa, ya kasance a gabansa kullum cikin inuwa. Kare kan sha kimanin mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na jikinsa a yini, a zafin Fabrairu da Maris ya fi haka.

Hannu a kan haƙarƙari

Duk lissafin da ya gabata, da jadawalin da ke bayan buhu, wurin farawa ne kawai. Kwikwiyo biyu 'yan ciki ɗaya na iya bambanta sosai a abin da jikinsu ke ƙonawa, kuma karen da ke yini kwance saboda zafi ba ya ƙona abin da na ƙasar sanyi ke ƙonawa. Alƙalin gaskiya shi ne jikinsa, kuma da hannu ake tambayarsa, domin gashi na ɓoye ƙiba.

Tsayar da shi. Shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Ya kamata ka ji haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya da 'yar shimfiɗar nama a kai, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka in ka miƙe yatsu ka shafa. Idan sai ka danna kafin ka ji su, ya yi ƙiba. Idan suna bayyane daga nesa, ƙashin baya da na ƙugu sun fito, ya rame. Sannan ka leƙa shi ta sama: bayan haƙarƙari jikin ya ɗan tsuke kafin ƙugu. Ta gefe kuma cikin ya ɗage sama, kada ya yi layi ɗaya da ƙirji. Likitoci na da ma'auni daga 1 zuwa 9. Ana son kwikwiyonka ya zauna a 4 ko 5, kuma ga babban kare mai tasowa 4 ta fi.

Idan ya haura, rage kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wato mai cin giram 360 ya koma 324, ka jira mako biyu ka sake shafawa. Idan ya gaza, ƙara kashi 10. Kada ka wuce haka a gyara ɗaya. Kashinsa ma na ba da labari: mai tauri daidai wanda ake ɗauka ba ya barin shaida, awon ya yi. Wanda ke fara da ƙarfi da safe ya koma ruwa-ruwa da yamma, sau da yawa yawan abinci ne. Amma zawo mai jini, ko amai da kwanciya, ko ƙin cin abinci na yini guda ga ƙaramin kwikwiyo, wannan ba na gyaran awo ba ne, na likita ne a ranar.

Za a ce maka karenka ya rame, ka shirya wa wannan. Mu mutane ne da ke ganin ƙiba alamar kulawa. Ga abin da za ka riƙe: a wani bincike da kamfanin Purina ya yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, an bi Labrador 48 tun suna 'yan makonni har ƙarshen rayuwarsu. An haɗa su bibbiyu, ɗaya na cin kashi 25 cikin 100 ƙasa da ɗan'uwansa. Waɗanda aka rage wa sun kai matsakaicin shekara 13, sauran 11.2, kuma ciwon gaɓoɓi ya jinkirta kama su. Ga makahon da ya saba da karensa, kusan shekara biyu ba wasa ba ce.

Kada kuma idon kare ya yaudare ka. A 2016 masu bincike a Jami'ar Cambridge, ƙarƙashin Eleanor Raffan, sun gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Labrador na ɗauke da wani naƙasu a ƙwayar halittar da ake kira POMC, wadda ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta san an ƙoshi. Cikin karnukan taimakon naƙasassu da suka gwada, kusan uku cikin huɗu ne ke da shi, wataƙila don mai kwaɗayi ya fi saurin koyo idan da lada. Ma'ana, mai yiwuwa kwikwiyon da ke hannunka zai lashe kwano ya zuba maka ido kamar bai ci komai ba tun jiya, ko nawa ka zuba.

Ladabin kwano

Kowace safiya auna abincin yini gaba ɗaya ka zuba a roba ɗaya. Daga ciki za ka ɗebi na kowane ci, daga ciki kuma za ka cika aljihu da 'yan ƙwayoyin da za ka riƙa ba shi lada wajen koyarwa. Robar ta ƙare, cin yau ya ƙare. In ka ba da wani abu daban, kamar ɗan yankan karas ko dafaffen nama marar gishiri, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kuma ka rage kwatankwacinsa daga robar. A gida mai mutane da yawa mutum ɗaya ne zai riƙe wannan aiki, in ba haka ba za a ciyar da shi sau biyu kowa na zaton shi ne na farko.

Lokacin ci darasi ne. Ya zauna, ka ajiye kwano, ya jira, sai ka ba shi izini. Masu raino a Ingila usur suke busawa sau uku kafin ya sa baki. Bayan 'yan makonni ƙarar usur ta zame masa kiran abinci, ko ina yake zai sheƙo, kuma da wannan makaho zai kira shi ranar da ya sake shi ya yi gudu. Idan yana haɗiya ba tauna, baza abincin a faranti mai faɗi. Bar tazarar awa guda tsakanin ci da guje-guje, gaba da baya.

Da ya gama ci, ko ya tashi daga barci, sa masa igiya ka kai shi wuri ɗaya, ka faɗi kalma ɗaya, ya yi bayan gida ka yaba masa. Amfanin tsayayyen lokacin ci kenan: wanda ba ya gani dole ya san yaushe karensa zai yi, kuma a ina, don ya iya kwashewa.

Doka mafi wuya a zango ita ce wannan: ba ya cin komai daga ƙasa, ba ya karɓa daga hannun kowa. Karen da ya saba da tsintar ƙashi a gindin teburin mai cincinga, wato tsire, zai ja makaho zuwa can wata rana, ko da gota ce a tsakani. Koya masa "bari" tun a tsakar gida: ajiye ƙwayar abinci a ƙasa ka rufe da ƙafa, da ya janye ya dube ka sai ka ba shi wata daga hannunka. Mutane sun fi karen wuyar koyarwa. Tsohuwar da ke miƙo masa ƙanzo alheri take nufi, sai ka rusuna ka ce, "Mma, Allah ya saka da alheri, amma likita ya hana, aikin makaho ake shirya shi." Yara kuma ka ba su aikin taje masa gashi, su bar na ciyarwa.

Akwai abubuwan da ke cikin kowane gidanmu da ke cutar da shi. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, kenan miya da shito da romon wake duk sun fita. Goro na da sinadaran da ke sa cakulan da kofi zama guba ga kare, don haka Alhajin da ke tofar da tuƙarsa a tsakar gida a roƙe shi ya canja wuri. Inabi da busasshensa na iya kashe ƙoda. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da kifi, yana tsagewa ya huda hanji. Madarar shanu da fura da nono kan sa zawo. Ranakun Babbar Salla ka ninka sa ido: kitse da kayan ciki da ƙasusuwa ko'ina, kuma cin kitse da yawa lokaci guda na iya kumbura masa wata gaɓar ciki mai taimaka wa narkar da abinci, wadda likitoci ke kira pancreas, har a kwantar da shi.

Fita cikin gari

Daga mako 3 zuwa wajen mako 14 ne kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tsoro, kuma wannan lokacin ya faɗo kafin rigakafi ya cika. Mafita ita ce ka ɗauke shi a hannu. Zauna da shi a bakin titi ya ji hon ɗin motar haya trotro da ƙarar babur mai ƙafa uku aboboya, ya ji lasifikar masallaci, ya ga tumaki da kaji, ya ga mai jallabiya da mai niƙabi da mai hular kwano da kayayo da tulin kaya a ka. Minti goma ya isa. In ya tsorata, ja da baya zuwa inda ya natsu, ka ba shi ƙwaya, gobe ka matso kaɗan.

Bayan allurar mako 16 sai ya taka ƙasa. Yana tafiya a hagunka, igiya sake, ba ya shinshina kowane lungu, yana tsayawa a bakin kowace gota da kowane tsallaken titi. Fara da layin gidanku da sassafe. Kasuwar Nima ranar Laraba, tashar 37, matakalar gadojin ƙafa na hanyar Madina, cunkoson Circle, waɗannan na watannin baya ne, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka shiga shago ko mota da shi, nemi izini. Taɓa kwalta da bayan hannu. In ba za ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Gudu mai nisa, bin keke, da tsalle daga bayan mota su jira har ƙashi ya gama rufewa, tsakanin wata 12 da 18. Ranar da ya yi yawo da yawa ba dalilin ƙara abinci ba ne. Shafar haƙarƙari ce ke yanke hukunci.

Kada ka ɗaura masa abin jagora mai mariƙi, kada ka rufe ido ka ce ya ja ka. Kaucewa cikas, tsayawa in mota ta taho ko da an umarce shi ya wuce, da haɗa shi da makahon da tafiyarsu ta dace, aikin ƙwararru ne na watanni, kuma ba kowane kare ne ke haye shi ba.

Komawa abincin manya yakan zo tsakanin wata 12 da 18. Makaranta ko likita ne zai faɗi ranar, kuma a bi tsarin mako guda na canji. Ranar miƙa shi, ka tafi da katin rigakafi, da littafin nauyinsa na mako-mako, da sunan abincin da yake ci da giram nawa da ƙarfe nawa, da kalmomin da ka koya masa, da abubuwan da har yanzu yake tsoro. Haɗa da abincin mako guda a leda, a aune, don kada sabon wuri da sabon abinci su haɗu masa rana ɗaya.